Ciwo ya tashi Alhamis, kasuwa sai Litinin

Ni ne ɗan'uwan da ke birni. Kusan kowane gida a ƙauyukanmu yana da irina: wanda ya ɗan taɓa boko, yake jiran albashi ƙarshen wata, wanda ba a kiransa ranar da ciwo ya fara sai ranar da ya gagara. Nawa kiran ya zo wata Talata da asuba, ina alwala. Yayana ne, wanda muke uba ɗaya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba. "Ga mu a hanya da yaron nan," in ji shi, "cikinsa ya kumbura, an ce mu wuce Kano."

Yaron shekararsa 14 a lokacin. Da na same su a sashen gaggawa, yana kwance ya naɗe ƙafafu, idanu sun faɗa, leɓɓa sun bushe, ciki ya yi tauri kamar an sa katako a ƙarƙashin fata. Ko numfashi a hankali yake ja don kada cikin ya motsa. Wani matashin likita ya ɗora hannu, ya danna, ya saki, yaron ya yi wata ƙara da har yau take kunnena. Likitan ya ce, "Baba, yaushe ya fara?" Yayana ya ce, "Daren Alhamis." Likitan ya ɗago ya dube shi, ya mayar da kai kan takarda, bai ce uffan ba. Ni ne na kasa haƙuri. Na ce, "Haba Yaya! Kwana biyar kuna zaune da yaro a haka?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ƙanena, kasuwarmu sai Litinin."

Na daɗe ina jin kunyar tambayar nan da na yi masa. Ita ce dai tambayar duk mai albashi, ita ce kuma ake maimaitawa a rediyo duk ranar da aka gayyato likita: jama'a su daina sakaci, su riƙa zuwa asibiti da wuri. Gaskiya ce, amma gaskiyar mai ƙoshi. Bayan makonni uku da na yi ina kwana a barandar asibiti tare da masu jinya irin yayana, abin da na tashi da shi shi ne yawancin abin da muke kira sakaci ko jahilci lissafi ne, lissafin wanda ba shi da shi. Kuma muddin sai an ajiye kuɗi kafin a buɗe cikin da ke neman fashewa, wa'azin zuwa da wuri zai ci gaba da bin iska.

Abin da ya kama yaron shi ne ciwon afendis. Afendis dai wani ɗan tsiro ne a jikin babban hanji, can ƙasan ciki ta dama, tsawonsa kamar ɗan yatsa, bakinsa ɗaya kamar lungun da ba ya ɓullewa. Idan bakin ya toshe, ko da busasshen bayan gida ko da kumburin jikinsa, sai ƙwayoyin cuta su yi ta hayayyafa a ciki. Ya kumbura, jini ya daina isa gare shi, ya fara ruɓewa, daga ƙarshe ya fashe ya watsa mugunya da ƙazanta ko'ina cikin ciki. Mutanenmu suna cewa tsakuwar shinkafa ce ko 'ya'yan gwaiba suke taruwa a wurin. Da wuya ƙwarai likita ya buɗe ya tarar da haka, amma a bar wannan, ba shi ke kisa ba. Ciwon yakan fara ne a zagayen cibiya, mutum ya ƙi abinci, ya yi amai, jiki ya ɗan yi zafi, sannan zafin ya gangara ya tare a ƙasan ciki ta dama. Ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 30, wato masu ƙarfin gida. A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ƙidaya, mutum 7 ko 8 cikin 100 yana gamuwa da shi a rayuwarsa.

Abin da ya bambanta shi da hawan jini ko ciwon suga shi ne yana tafe da agogo. A kwana ɗaya da rabi na farko haɗarin fashewa kaɗan ne. Daga nan kowane rabin yini yana ƙara shi, a jikin ƙananan yara ma ya fi sauri. Wanda aka yi wa aiki kafin abin ya ruɓe, ko mutum 1 cikin 1,000 ba a rasawa. Kwana biyu ko uku ya koma gida da ɗan tabo. Wanda ya fashe kuwa, kiyasin likitocin tiyata ya kai wajen mutum 5 cikin 100, a inda ake da wuta da jini da magani ma ke nan.

Kuma fa ba sabon ilimi ba ne. Tun 1886 wani likita a Amurka, Reginald Fitz, ya raɗa wa ciwon suna, ya ce maganinsa a yanka da wuri. A watan Yunin 1902, saura kwana biyu a naɗa Edward na Bakwai sarautar Ingila, ciwon ya kayar da shi; likita Frederick Treves ya buɗe cikinsa ya zubar da mugunyar, aka ɗaga naɗin zuwa 9 ga Agusta. Sojojin wannan sarkin ne suka shiga Kano a watan Fabrairun 1903. To aikin da ya girmi Najeriya kanta, shi ne har yau yaron manomi yake jiran ranar kasuwa kafin a yi masa.

Ga yadda kwanaki biyar ɗin suka tafi, kamar yadda na tattaro daga bakin yayana da matarsa. Daren Alhamis yaro ya ƙi tuwo, ya ce cibiyarsa tana murɗawa. Uwar ta ce tsutsar ciki ce, ta jiƙa masa kanwa. Juma'a ya tashi da amai da zazzaɓi. Da aka sauko daga masallaci aka kai shi wurin mai kemis, ya ce maleriya ce da taifod, ya yi masa allura, ya ƙullo ƙwayoyi a leda, bashi. Asabar ciwo ya koma dama, yaro yana tafiya a duƙe. Suka je asibitin sha-ka-tafi na garin da ke kusa, ma'aikacin da ke wurin ya taɓa cikin ya ce wannan ya yi kama da afendis, su tafi babban asibitin ƙaramar hukuma yau ɗin nan.

A lura da wannan wurin, don a nan maganar jahilci ta mutu. Tun ranar Asabar da hantsi yayana ya san sunan ciwon, ya san inda ake maganinsa. Ya kuma san abu na uku wanda masu wa'azi a rediyo ba sa faɗa: idan ya isa can hannu rabbana, za a rubuta masa takarda a ce ya je ya biya. Lokacin bazara ne, rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ke hannu ya tafi wurin taki. Ya kira dillali a kan rago, dillali ya ga idonsa ya taya rabin kuɗi, wanda ko cikakken ma ba zai kai ko'ina ba. Abin da zai iya ɗaukar nauyin tiyata a gidan guda ɗaya ne: ɗaya daga cikin shanun nomansa biyu. Sa kuwa ba a sayar da shi a ƙofar gida ranar Asabar.

Lahadi da safe sai ga sauƙi. Zafin ya lafa, yaro ya miƙe ƙafa, har ya sha kunu. Aka yi hamdala, aka ce rubutun da aka karɓo jiya ya yi aiki. Ashe lokacin ne abin ya fashe. Kumburin da ke matse shi ya saki, shi ne ɗan sauƙin da suka gani. Kafin dare ciki ya fara hawa. Litinin yayana ya kora sa guda zuwa kasuwa, bai samu ciniki ba sai la'asar. Da magariba suka isa babban asibiti, likitan da ke wurin ya ce abin ya wuce nan, ba shi da mai sa barci a daren, ba shi da jini. Hanyarmu kuma ba a bin ta bayan duhu, kowa ya san dalili. Sai asuba.

Daga baya na tambaye shi me ya hana shi kirana tun Asabar. Ya yi shiru, sannan ya ce watan da ya wuce ya kira ni a kan taki, kafin nan kuma a kan bikin 'yarsa, ya ji nauyi. Wannan ma yana cikin abin da talauci ke ci: yana cinye fuskar roƙo tun kafin ranar da za a fi bukatarta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan da ke da yara takwas, ciwon ciki baƙo ne na kowane mako. Yawancinsa yana wucewa da kanwa, ko da ƙwayar kemis, ko da kansa. Da a ce duk ranar da yaro ya riƙe ciki sai a kwance dabba a ɗauki hayar mota, da gidan ya tashi kafin shekara. Don haka talaka yana jira ya gani, kuma sau da yawa jiransa daidai ne. Caca ce da yake ci kusan kullum, sai ranar da ya faɗo a kan afendis ko hujewar hanji. Mai albashi ba ya wannan cacar, ba don ya fi son ɗansa ba, sai don ziyarar asibiti da ta tashi a banza ba za ta hana gidansa cin abinci ba. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fita, nan take, a bakin taga. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta faɗa a watan Nuwamban 2022 cewa mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, jihar Sakkwato tana kan gaba da kashi 91. Haɗa waɗannan biyun, ka ga yawan gidajen da ke zaune a kan lissafin yayana.

Sai maganar mai kemis, wanda na so na tsine wa da farko, daga baya na sassauta. Shi ne likitan talaka na gaskiya: yana kusa, yana buɗe har dare, ba ya yankar kati, yana ba da bashi. Amma cututtukan da ke bakinsa uku ne ko huɗu, maleriya, taifod, olsa, basir, kuma duk wanda ya shigo sai an sa shi cikin ɗaya. Idan an so a nuna ƙwarewa sai a yi gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, wanda kuma a ƙasa irin tamu, inda mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, yakan nuna taifod a jinin mai lafiya garau. Daga nan sai allurar kashe zafi, wadda lasisinsa ma bai ba shi damar yi ba, da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta na kwana biyu. Zafi ya kwanta, zazzaɓi ya sauka, ruɓewa tana ci gaba a ɓoye. Abin takaicin ma, ko da taifod ɗin ce ta gaske, idan ciki ya yi tauri haka to ta huda hanji, ita ma sai wuƙa.

Akwai wani abin da ke ba ni dariyar baƙin ciki a nan. A ƙasashen masu arziki yanzu ana gwada maganin afendis ba tare da tiyata ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2020, a kan mutum 1,552, ya nuna cewa da magani kaɗai mutum 7 cikin 10 sun kai wata uku ba a yanka su ba. Amma kafin a sa mutum a wannan hanya sai an ɗauki hoton cikinsa an tabbatar da abin da ke ciki, ana sa masa ido, ɗakin tiyata yana jiransa idan abu ya juya. Ɗan yayana ma an ba shi irin waɗannan magungunan. A leda, ba hoto, ba mai dubawa, ba ɗakin da ke jira.

Wanda ke ganin duhun kan mutanenmu ne ya jawo, ya dubi Amurka ɗin. A 1994 wata likita, Paula Braveman, da abokan aikinta suka bi bayanan asibitocin jihar Kalifoniya, suka gano cewa marasa inshora da masu dogaro da shirin gwamnati na marasa ƙarfi, yiwuwar a tarar afendis ɗinsu ya riga ya fashe ta kai kusan ninki ɗaya da rabi na masu inshorar kamfani. Waɗannan ba su sha kanwa ba, ba su karɓo rubutu ba, suna da kwalta har ƙofar gida. Ga alama tsoron takardar biya ne ya zaunar da da yawansu, kamar yadda ya zaunar da yayana. Har ta kai masu bincike a can suna amfani da yawan fashewar afendis a matsayin ma'auni: idan ya yi yawa a wata unguwa, to mutanenta ba sa samun likita a kan lokaci.

Isowa asibiti ma ba ita ce ƙarshen jira ba. Mun shiga da misalin ƙarfe takwas na safe, ba a shiga da yaron ɗakin tiyata ba sai bayan isha'i. Tsakanin nan ni ne ɗan aike. Kati. Awon jini. Hoton ciki. Ledojin ƙarin ruwa, robar fitsari, tiyon hanci, safar hannu, zaren ɗinki, auduga, allurai, wasu a cikin asibiti, wasu sai an tsallaka titi. Jini leda biyu, a kawo dangi su bayar a maye gurbi. Kowace takarda da layinta, kowane layi da tagar biyansa. Ni da na san gari, nake da mota da katin banki, yini guda ya ɗauke ni. Kusa da mu akwai wata dattijuwa da jikanta, takardunta a ƙulle a bakin zane, tana jiran ɗanta da ya koma ƙauye neman cikon kuɗi. Ba zan zagi ma'aikatan ba. Na ga nas guda tana riƙe da ɗaki cike da gadaje, na ga likitan nan ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya miƙa wa wani. Asibitin da ke sayen kayan aikinsa da abin da majinyata suka biya jiya, idan ya yi ta yi kyauta yau, gobe ko auduga ba za a samu ba. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun baya. Waɗanda suka rage su ne muke yi wa tsawa.

An tsaga yaron daga saman cibiya har mara, aka wanke cikin. Bayan kwana biyar ɗinkin ya yi ruwa, aka warware wani sashe aka bar shi a buɗe, kullum wanki, kullum sayen kayan wanki. Makonni uku. Kuɗin san da aka sayar ya ƙare tun a makon farko, aka shiga nawa, aka shiga na maƙwabta. A cikin watan ne 'yar wani abokin aikina ta yi irin wannan ciwon: ta yi kuka da ciki da safe, aka yi mata aiki da daddare, ranar ta uku tana gida, katin inshorar ofis ya ɗauki kusan komai. Ciwo ɗaya, amma wanda ba shi da kuɗin ne ya biya ninkin ba ninkin, ya ƙara da zangon karatu guda.

Idan yarinya ce abin ya fi muni. Za a ce ciwon mara ne, na al'ada, ta yi haƙuri; ita kuma kunya ba za ta bar ta ta nuna inda ke ciwo ba. Matar aure sai an jira maigida ya dawo ya ba da izini, kuma izinin nan sau da yawa sunan kuɗi ne kawai aka sakaya. Mai juna biyu idan ya fashe mata tana iya rasa cikin. Mugunyar da ta kwanta a mara kuma tana iya barin tabon da zai dami haihuwa daga baya, a lokacin ba wanda zai tuna da ciwon cikin da aka yi wa jiƙo shekaru goma da suka wuce.

Ban ce kuɗi ne kaɗai ba. Akwai tsoron wuƙa, kuma tsoron yana da tushe. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2018, a kan majinyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25 har da Najeriya, ya nuna cewa wanda aka yi wa tiyata a nahiyar nan ya ninka na sauran duniya sau biyu wajen yiwuwar mutuwa, alhali ya fi su ƙuruciya da ƙoshin lafiya. Galibin mace-macen kuma ba a kan tebur suke faruwa ba, a kwanakin baya ne, a ɗakin jinya, inda babu isassun masu lura. Ƙauye yana ganin wannan. An tafi da wane an yanka shi, an dawo da gawa. Ba wanda zai ce an kai shi ne bayan kwana shida. Abin da za a riƙe shi ne an yanka shi. Sai na gaba ya ƙara jinkiri, shi ma a dawo da gawarsa, tsoro ya ƙara kafuwa.

Talauci yana da wata fuskar kuma, wadda ba a cika magana a kanta ba: yanka wanda bai kamata a yanka ba. A lungunan birane da manyan garuruwa akwai ƙananan asibitocin kuɗi da duk ciwon ciki afendis ne a wurinsu. A goga na'urar hoto minti biyu, a ce yana dab da fashewa, a kawo kuɗi yanzu. Mai hali zai ce bari in ji ta bakin wani likitan. Talaka da ya riga ya kashe kuɗin mota da na hoto ba shi da na bakin likita na biyu. A cire masa lafiyayyen abu, ciwon da ya kawo shi yana nan.

To me nake so a yi? Doka dai akwai ta. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta ware kashi 5 na asusun don gaggawa. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Amma doka ba ta sayen zaren ɗinki. Ka ce wa asibiti kada ya ƙi majinyaci, ba ka ce ga wanda zai biya ba, ka bar nas da mai jinya su yi ta cacar baki a bakin taga.

A watan Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Na yaba, kuma hujjar da ta sa aka yi hakan ita ce tawa: aiki ne da ba ya jira, wanda jinkirinsa ke kisa, wanda ba mai iya tanadinsa. A sa buɗe ciki na gaggawa a wannan layin, afendis da hujewar hanji da toshewarsa. A yanka tukuna, gwamnati ta biya asibiti daga baya. A ajiye ƙunshin kayan aiki a kabad ɗin ɗakin tiyata, kada a sake aiken mai jinya tsallaken titi da tsakar dare neman safar hannu. Sharaɗin shi ne biyan ya zama na gaske. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga wannan: tun wajen 2006 aka mayar da tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, jama'a suka yi tururuwa, amma gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu har bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa a kantoci. Kyautar da ba a biya wa asibiti ba, takarda ce za a sake miƙo wa talaka ta ƙofar baya.

Za a ce babu kuɗi. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafi. Namu na tarayya yana ta yawo a wajen kashi 5. A 2024 an samo naira biliyan 90 an tallafa wa kujerar Hajji, ibadar da Allah bai ɗora wa kowa ba sai mai iko. Ban ƙi a taimaki alhazai ba, amma wanda ya samo wancan ba zai ce mini ya rasa na zaren ɗinki ba. Balle ma jinkirin ya fi tsada ko a aljihun gwamnati: gadon da ɗan yayana ya riƙe makonni uku, da ya ɗauki mutum bakwai masu kwana uku-uku.

Sannan a daina tura kowa Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kwamitin Lancet kan tiyata ya faɗa a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya, ya kuma sa ma'auni mai sauƙi: kowa ya iya isa, cikin awa biyu, asibitin da zai buɗe ciki, ya ciro jariri, ya gyara karayar da ta fasa fata. Cire afendis ba sai farfesa ba. Likitocin manyan asibitocin ƙananan hukumomi sun daɗe suna yi. Abin da ke hana su da daddare shi ne mai sa barci, da wuta, da jini a firji. Da a ce waɗannan ukun suna nan ranar Litinin da magariba, da an rage wa yaron yini guda cur. Mai kemis kuma, tunda ba za a iya kawar da shi ba, a koya masa tambaya uku: ciwon ya faro daga cibiya ya koma dama? Ya ƙi abinci? Yana ƙaruwa idan ya yi tari ko babur ya faɗa rami? Idan haka ne, ba allura, ba kanwa, ba maganin wanke ciki, a wuce asibiti.

Mu ma akwai namu, kafin gwamnati ta farka. Abin da ya raba yayana da asibiti ranar Asabar ba rashin dukiya ba ne gaba ɗaya. Sa yana tsaye a turke. Kwana biyu ne tsakaninsa da kuɗin. Da masallacin Juma'ar garin, ko kwamitin zakka, ko ƙungiyar 'yan asalin garin da ke birni suna da ɗan asusun da zai ba da rance nan take, dabba ta zama jingina, a biya ranar kasuwa, da yaron ya shiga tiyata kafin abin ya fashe. Muna iya tara kuɗin lasifika da tayil ɗin masallaci cikin Juma'a biyu. Na kai wannan magana taron ƙungiyarmu, aka ce shawara ce mai kyau, aka kafa kwamiti.

Yaron ya warke. Ya koma makaranta, ya maimaita aji, ba ya son cire riga a gaban abokansa. Likita ya ce kada ya ɗauki kaya mai nauyi na wasu watanni, don haka daminar ba ta ga hannunsa a gona ba. Sa guda kuma ba ya jan garma. Yayana ya yi ta bin masu shanu haya, kowa sai ya gama tasa gonar tukuna, huɗa ta zo masa a makare, ya noma rabi ya bar rabi. Ɗayan san yana nan a turke, ana ba shi harawa, ana jiran a samu na haɗa shi da shi.